Gadon Site Amana Ne: Haƙƙin Abokin Ɗaki da Haƙƙin Baƙon Ɗalibi

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin membobi ya yi ma matasa a zaman tunawa da kafuwar ƙungiya

  



An ce in yi magana a kan rayuwar ɗalibi a jami'a. To, abin da yawa, wai mutuwa ta shiga kasuwa. Akwai karatu, akwai bursi, akwai layin resto, akwai yajin aiki. Ni dai na ɗauki guda ɗaya wanda ba a cika yin lacca a kansa ba, shi ne wurin da ɗalibi zai sa haƙarƙarinsa in dare ya yi. Cikinku akwai waɗanda suka samu bak bana, suna shirin ɗaure jaka. Akwai waɗanda suka riga suka samu gado a site, wato ɗakunan kwanan jami'a. Akwai masu haya a unguwa. Akwai kuma waɗanda, Allah ya sani, tabarma ce kawai a barandar masallaci. Maganata ta shafi kowa, amma ta fi nauyi a kan wanda ya samu gadon. Gadon nan amana ne a hannunsa, kuma za a tambaye shi.

Yadda muka zo nan

A shekarar 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai. A 1973 ta zama jami'a, a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni, masanin nan na makamashin hasken rana wanda ya taɓa shugabantarta. Kusan shekara arba'in ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar nan. Ɗan Difa, ɗan Agadas, ɗan Magarya, ɗan Madawa, duk wanda ya samu bak kuma bai samu fita waje ba, Yamai zai nufa, ya ƙetare gadar Kennedy, ya sauka Harobanda. Akwai Jami'ar Musulunci ta Say tun 1986, amma ita ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ce, ɗalibanta daga ƙasashe da dama suke zuwa.

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda yau ke ɗauke da sunayen Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Alhamdu lillahi, karatu ya matso kusa da gida. Amma ɗan ƙauyen Dakoro da ya zo Maraɗi baƙo ne, kamar yadda yayansa ya yi baƙunci a Yamai. Matsalar masauki ta biyo ɗalibai har jihohi.

Me ya sa ɗakunan ba su isa? Na farko, masu zuwa jami'a ƙaruwa suke yi, gini kuwa ba ya gudu kamar haihuwa. Amfi kana iya cusa mutum ɗari biyu inda aka yi don ɗari, su zauna a ƙasa, bayan awa biyu su fita su sha iska. Ɗaki kuwa kwana ake yi cikinsa. Na biyu, in yajin aiki ya ja shekarar karatu, sai shekaru su hau kan juna. Wanda ya kamata ya gama lisans cikin shekara uku yana nan a ta huɗu ko ta biyar, sababbi kuma sun iso da jakunkunansu. Gado ɗaya, masu jiransa da yawa. Ma'aikatar CROU da ke kula da kwana da abincin ɗalibai ba ta iya raba abin da babu. Saboda haka ɗakin da aka gina don mutum biyu sai ka tarar an shimfiɗa katifu har bakin ƙofa.

Masauki tsohuwar gādonmu ce

Kada ku ɗauka kula da kwanan mai neman ilimi baƙon abu ne da ya zo da boko. A masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Madina, akwai wata rumfa da ake kira Suffa. Nan baƙi da marasa gida suke kwana suna koyon addini, mutanen gari suna ciyar da su. Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, yana cikinsu. Ku duba yawan hadisan da suka iso mana ta hanyarsa, ku ga abin da rumfa ɗaya da ƙwaryar abinci suka haifa ma al'umma.

A ƙarni na 13, mutanen daular Kanem, nan gabas da mu, sun kashe dukiyarsu a Masar a kan makarantar Ibn Rashiƙ, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu. Daga baya a Azhar an samu sashen kwana na ɗaliban Barno. Mutanen da ke tafiyar watanni a kan raƙumi sun gane cewa tura yaro karatu ba tare da tanadin inda zai kwana ba, rabin aiki ne.

Nan gida ma haka muka tashi muka tarar. Almajiri ya zo garin malami, zauren wani bawan Allah ya zama ɗakinsa, wata tsohuwa ta zama uwar ɗakinsa, tana ajiye mashi tuwon dare. Fatake in sun sauka zango, akwai mai gida da zai karɓe su. Hausawa suka ce baƙonka Annabinka. To ƙannena, yau zauren ya koma site, mai gidan kuwa kai ne da ka riga ka samu gado.

Abu uku a wuyan wanda ya samu gado

Na farko, kada ka sayar. Ɗan abin da kake biya na ɗaki bai kai kuɗin hayar gari ba, ko kusa. Sauran wa ya biya? Dukiyar jama'a ce, harajin mai albasa a Galmi da mai kiwo a Abalak. An ba ka ne da sunanka don ka yi karatu. Mun sani, ku ma kun sani, akwai masu karɓar gado su sayar ma wani a kan ninkin ba ninkin, su kuma su koma gidan kawunsu cikin gari. Wani ma gidan ubansa na cikin birnin, da ɗakinsa da fankarsa, amma sai ya nemi gado don ya ci riba. Ya ɗan'uwa, wannan ba dabara ba ce, cin haƙƙi ne. Wanda ka hana kuwa ba ka ma san fuskarsa ba, balle ka nemi yafiyarsa. Sai ranar da za a tsayar da ku tare.

Kuma ku lura da kyau. Mu ne ke zama a fada muna zagin masu cin dukiyar ƙasa. Wanda ya sayar da gadon site yana shekara ashirin da biyu, me zai yi ranar da aka ba shi makullin magazin ɗin hatsi ko rabon filaye? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gadon nan shi ne dukiyar jama'a ta farko da ta shigo hannunka. A kansa za ka san ko kai wane ne.

Na biyu, in ka gama ka tashi. Na san zaman jiran aiki da wuya, na san komawa gida da takarda ba albashi akwai nauyi. Amma ɗakin na mai karatu ne. Ka karɓi takardarka, ka maida makulli ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Kada ka gadar ma ɗan garinku a ɓoye kamar gonar gado.

Na uku, ka buɗe ƙofa. In doka ta ba da dama kuma abokan ɗaki sun yarda, ka ɗauki sabon ɗalibi ko na wata ɗaya ne, har ya gane gari. Kuma kada ka tsaya ga ɗan garinku kawai. Taimakon ɗan gari abu ne mai kyau, ƙungiyoyin ƴan gari sun rufa ma mutane da yawa asiri. Amma akwai yaron da garinsu ba shi da kowa a jami'a, shi ne na farko da ya taɓa samun bak a ƙauyensu. Wa zai karɓe shi? Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, Ansar ba su tambaye su dangi ba, suka raba gida da su. In Bahaushe bai iya sauke Bazabarme ba, Bafillace bai iya sauke Babarbare ko Buzu ba, to me muka koya a ƙungiya?

Zaman ɗaki

Samun gado abu ɗaya ne, zama lafiya cikin ɗakin wani abu ne. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 36, inda Allah ya lissafa waɗanda za a kyautata ma, bayan iyaye da dangi da marayu da miskinai, ya ambaci maƙwabci na kusa da na nesa, ya ambaci abokin da ke gefenka. Wa ya fi kusa da gefenka kamar wanda katifarsa ke gogar taka? Bari in faɗi abubuwan dalla-dalla, don a nan ake samun saɓani.

Fitila. Kai kana da jarabawa gobe, shi ya fito daga tasa yau. Ku yi yarjejeniya tun ranar farko: ƙarfe nawa ake kashe wuta, mai son ƙarin karatu ina zai koma.

Salula. Wannan na faɗa mana ne mu ƴan ƙungiya. Wani zai kunna wa'azi ko ƙira'a da ƙarfi ƙarfe ɗaya na dare, yana ganin lada yake samu. Malam, sa abin kunne. Karatun Alƙur'ani bai halatta maka hana mutum barci ba. Haka agogon asuba: ya yi ta ƙara minti goma, kowa ya farka sai mai shi. In abokinka ya ce ka tashe shi salla, tashe shi da taushi. In bai ce ba, yi mashi nasiha da rana, ku biyu kawai. Kada ka kunyata shi gaban mutane.

Akwai waɗanda za su samu abokin ɗaki Kirista, ɗan ƙasa ko baƙo daga Cadi ko Benin. Haƙƙin maƙwabtaka bai faɗi ba don addini ya bambanta. Wataƙila shekara uku da zai yi da kai, ita ce kaɗai littafin Musulunci da zai taɓa karantawa. Ka duba abin da kake rubutawa ciki.

Kaya. Sabulu, bokiti, cajar salula, sukari, takalmin wanka. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke kashe zumunci. Tambaya kafin ka ɗauka. In an kawo maka ƙulli daga gida, garin rogo ne, ƙuli-ƙuli ne, kilishi ne, ka tuna akwai wanda tikitin restonsa ya ƙare tun shekaranjiya kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Kada ka tambaye shi ko ya ci. Ajiye kwano tsakiya ka ce bismillah.

Sirri. Wanda kuke kwana ɗaki ɗaya ka san bashinsa, ka san rashin lafiyarsa, ka ji wayar da ya yi da mahaifiyarsa yana kuka. Abin da ka gani a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Kada ya zama abin hira a gindin shayi.

Tsabta da lafiya. Muna cewa tsarki sharaɗin salla ne, to makewayin bene namu ya shaide mu. Famfon da aka bari yana zuba, wayar kuran da aka jona barkatai, resho kusa da katifa, duk haɗari ne a kan kowa. Kuma ku riƙe wannan da kyau: cunkoso da zafin bazara da ƙura su ne abokan sanƙarau. A 2015 annobarsa ta yi tsanani a Yamai har aka rufe makarantu na ƴan kwanaki. In abokin ɗakinka ya kwana da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, wuyansa ya sanƙare, ko yana amai, ko haske na damunsa, kada ku tsaya sayen ƙwaya a bakin titi. Ku kai shi likita a daren nan. Da damina kuma gidan sauro ba ado ba ne. Uwarsa tana can nesa, ku ne uwarsa, ku ne ubansa.

Ƙannenmu mata

Yanzu ina son maza su buɗe kunne. Namiji in bai samu ɗaki ba, zai kwana masallaci, zai kwana amfi, gari ya waye. Mace fa? Yarinya ta yi shekara goma sha uku tana karatu, daga firamare har ta samu bak. Uban ya yi murna, sannan ya yi tambaya ɗaya: ina za ta zauna? In ba amsa, karatun ya tsaya nan. Kuma kada mu zargi uban, tambayarsa daidai take.

Wata za a kai ta gidan dangi na nesa, ta koma mai wanke-wanke da reno, ba ta buɗe littafi sai kowa ya yi barci. Wata kuma wani zai ce zai biya mata haya, mu kuwa mun san abin da ke bayan irin wannan alheri. Mu ne ke kuka kullum cewa matanmu ba su samun likita mace, ba ungozoma, ba malama a makarantar ƴan mata. To likita mace ba daga sama take faɗowa ba. Shekarun karatun likita masu tsawo ne, kuma kowane dare cikinsu sai ta kwana wani wuri. Duk wanda ke son a samu likitoci mata, ya fara da neman ma ɗaliba ɗaki mai aminci.

Ku kuma yayye mata da kuka riga kuka zauna, ku ja ƙannenku a jiki. Ku nuna masu hanya, ku gaya masu abin da ba a rubuta a takardar shiga ba.

Masu haya a unguwa

Mafi yawanku ba za su samu site ba, gara ku sani tun yanzu. In za ku kama haya, ku haɗu uku ko huɗu waɗanda kuka san halin juna. Ku rubuta yarjejeniya da mai gida, ku rubuta tsakaninku: nawa kowa zai ba da, ranar nawa ga wata, wa zai biya ruwa da kuran. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka ba rashin yarda ba ne. Ku tuna mai gida wata-wata yake jira, bursi kuwa ba wata-wata yake zuwa ba, kuma yakan yi jinkiri. Ranar da ya faɗo, ware kuɗin haya kafin ka je kasuwar salula.

Masu zuwa Yamai, ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke tsayawa kafin ku biya. Unguwannin Harobanda na bakin kogi, irin su Lamorde da Karaje, sun sha ambaliya, ta 2020 ba ta da daɗin tunawa. Ɗaki mai araha da rani yana iya cinye takardunka da damina.

Neman haƙƙi

Wani zai ce, yaya, duk ka ɗora mana, ina gwamnati? Gina ɗakuna haƙƙi ne a kanta, kuma neman haƙƙi ba laifi ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito daga kamfus suna ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu, aka harbe uku a gadar Kennedy. Allah ya jiƙansu. Jininsu na cikin abin da ya kai ƙasar nan ga babban taron ƙasa na 1991. Saboda haka ɗalibin Nijar ba a koya mashi magana. Ku shiga ƙungiyoyin ɗalibai, ku yi magana da hujja da ladabi, ku nemi a riƙa liƙa sunayen waɗanda aka ba ɗaki kowa ya gani. Amma wanda ya fasa tagar site don fushi, ƙanensa ne zai kwana cikin sanyin hunturu. Kuma bakin da ke neman adalci daga sama, ya zama hannunsa bai sayar da gado a ƙasa ba.

Abin da za mu yi bana

Ba na son mu tashi da tafi kawai. Ga abu huɗu da ba su fi ƙarfinmu ba.

Ɗaya: kowane reshe, na Tasawa ne, na Mirya ne, na Ƙonni ne, da zarar sakamakon bak ya fito, ya rubuta sunayen masu tafiya jami'a da garin da za su, ya aika ma reshen garin kafin a koma karatu.

Biyu: a sa mutane, maza don maza, mata don mata, su tarbi sababbi a tasha. Kada ɗanmu ko ɗiyarmu su yi daren farko ba su san inda za su ba.

Uku: asusun masauki. In mutum ɗari cikinmu suka ba da dala ashirin-ashirin kowane mako, jika goma ke nan a mako, jika arba'in a wata. A riƙa karanta lissafinsa a fili, a fara da ɗalibai mata da marayu.

Huɗu: shugabanni da malamai su taka su je wurin alhazanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Allah ya saka masu, sun gina masallatai da yawa. A tuna masu cewa gida mai ɗaki shida kusa da jami'a, in aka yi waƙafinsa don ɗalibai, sadaka ce mai gudana. Duk likita, duk malami, duk alƙalin da ya kwana cikinsa, mai gidan na da rabo a aikinsa har bayan ransa.

Ƙannena, kwas ɗin da kuka haddace za ku manta da rabinsa. Wanda ya matsa maku katifa ranar da kuka iso ba ku san kowa ba, ba za ku manta da shi ba har tsufa. Ku zama wannan mutumin ga wani bana.

Allah ya ba ku ilimi mai amfani, ya haɗa ku da abokan zama nagari, ya rufa ma iyayenmu asiri, ya saka ma waɗanda suka kafa wannan ƙungiya da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.